Waƙar da Na Sa Gari Ya Rera Miki

Kudu da Stavanger, ranar Alhamis da hantsi

Zuwa ga Tordis, matata, hasken watan Yuni da ke ƙin faɗuwa, fitilar bakin gaɓa da masunta ke nema idan teku ya yi fushi, tsuntsuwar farko da ke dawowa gonaki bayan dogon sanyi, ke da iska ke sassautawa idan kin fito shanya!

Ina sanar da ke, da dukan girmamawar da labari irin wannan ya cancanta, cewa yau da safe, bayan bincike mai zurfi da ya kai ga buɗe kowace durowa a kicin, an gano inda ake ajiye takardar tace kofi a gidan nan. Tana cikin gwangwanin nan shuɗi da ke bayan garin alkama. Wanda ya yi wannan gagarumin aiki shi ne mijinki, Halvard, malamin adabi mai digiri biyu, wanda ya yi shekara ashirin da wani abu yana shan kofi a kicin ɗin nan yana zaton shi kofi da kansa yake tacewa. Ba a buga ƙararrawar coci ba, amma ya kamata a ce an buga.

Kin gani ko? Har yanzu ban daina ba. Na zauna in rubuta miki magana mafi nauyi a rayuwata, sai ga hannuna ya tafi wajen gwangwani. Kin san ni, masoyiyata. Idan gida yana cin wuta, ni ne mutumin da zai tsaya a ƙofa yana yaba launin hayaƙin. To bari in ajiye wannan, in faɗa miki abin da ya sa na ɗauki biro tun kunya ba ta ƙwace shi ba.

Tun ran Asabar kina gonar yayanki Eilif, ba ki dawo ba, ba ki kuma ɗaga waya. Ran Lahadi za a yi sujadar aika ki. Za ki durƙusa a gaban jama'a, fasto zai kira wani daga iyalinki ya fito ya ɗora miki hannu a kafaɗa, a yi addu'a, a miƙa ki ga aikin bishara a Madagaska na shekara biyu. Fasto ya kira ni jiya, yana ta kame-kame kamar mai sanar da mutuwa, ya ce kin ce Eilif ne zai tsaya. Ban ga laifinki ba. Amma wannan wurin nake roƙo, Tordis. Ba na roƙon ki fasa tafiya, ba na roƙon ki manta. Ina roƙon faɗin tafin hannu ɗaya a kafaɗarki ta hagu, kada ki ƙetare rabin duniya ba tare da hannun mijinki ba.

Kin tuna ranar da na nemi aurenki? Ni kam ina tuna ta har da warin ciyawa. Mun hau tudun nan da ke bayan gonar mahaifinki, iska tana neman tuɓe mana riguna, teku yana can ƙasa yana sheƙi kamar an goge faranti. Na haddace jawabi mai tsawo, rabinsa sato daga matattun mawaƙa waɗanda ba za su kai ni ƙara ba. Na kai daidai wurin da na kamanta idanunki da sararin sama bayan ruwa ya ɗauke, sai na ga idanun nan ba ni suke kallo ba. Kika miƙo min fulas kika ce, "Riƙe min wannan." Kika haure katangar duwatsu, kika ruga cikin fadama, laka har gwiwa. Wata tunkiya ce ta kife a bayanta, ƙafafu huɗu a sama, irin kifewar da idan ba a juya ta ba a nan za ta kumbura ta mutu. Kika tattare ulunta kika juya ta, kika riƙe ta har ta daina tangaɗi. Sannan kika dawo, gashinki ya manne a goshi, kina haki, kika ce, "To, ina ka tsaya? In aure ne na yarda, amma ka taƙaita, akwai wata can kamar tana ɗingishi."

Wayyo Tordis! Ban taɓa ganin mace mai kyau kamar ke a cikin wannan lakar ba. Na ba da labarin nan a wurin cin abinci ya fi a ƙirga, kullum ana dariya, kullum ni ne gwanin labari. Ashe ban taɓa sauraron labarin da nake bayarwa ba. Tun ranar farko kin nuna min ko ke wace ce: mace ce da idan ta hango wani a kife, jawabi ba ya riƙe ta. Na aure ki a kan haka, na yi alfahari da haka, sannan da kika hango abin da ya fi nisan fadama sai na ce ban san wannan matar ba.

Bara ne, da kaka, Dakta Voahangy ta zo gidan addu'a daga Madagaska. Na raka ki ne kawai don an ce akwai waina. Na zauna a baya na shirya ba'ata tsaf, ina jiran hotunan yara masu manyan idanu da kiɗa mai sa kuka. Sai ga wata 'yar ƙaramar mata cikin rigar sanyin aro da ta kai mata har idon sawu, ba hoto, ba kiɗa. Ta ce ita ce ke riƙe da asibitin coci a wani gari a kudancin ƙasarsu, tana da 'yan mata masu son koyon karɓar haihuwa, ba ta da mai koya musu. Ta ce, "Mai Ceto muna da shi, irin naku ne sak, ba sai kun kawo mana ba. Ungozoma nake nema wadda ta iya koyarwa, wadda za ta yi aiki a ƙarƙashina ba ta kumbura ba, kuma ta iya cin shinkafa safe da rana da yamma ba ta yi ƙorafi ba." Aka yi dariya. Ke ba ki yi ba.

A mota, mun kusa gida, kika ce, "Halvard, da ni take." Na ce, "Au, murya kika ji daga sama? Da wane karin harshe ta yi magana, na mutanen birnin Bergen?" Kika ce, "Ban ji murya ba. Tambaya na ji, na duba ɗakin, na ga ba wata ungozoma sai ni." Kika ce in zo mu tafi tare, suna da makaranta, ba za su ƙi malami ba. Na ce bayana yana ciwo, cikina ba ya son baƙon ruwa, littattafaina ba sa jure raɓa. Ruwa yana ta zuba a gilashin mota.

Daga ranar na buɗe makaranta a teburin cin abincinmu, ɗaliba ɗaya, darasi ɗaya. Na jero miki duk abin da na karanta a kan Turawan mishan na da, yadda wasunsu suka shiga ƙasashen mutane da littafi a hannun dama, girman kai a na hagu. Ba ƙarya na faɗa ba, ke ma kin ce ba ƙarya ba ne, kin ce shi ya sa ba za ki je ba da ba mutanen ƙasar ne suka kira ba. Amma ni ba gaskiya nake nema ba, sanda nake nema. Kina koyon harshensu da safe, kina maimaita gaisuwa kina wanke kwanuka, ni kuma ina kwaikwayonki daga falo. Har dai wani yammaci na ce miki abin da na san zai shiga: na ce wannan ba kira ba ne, gudu ne, kin gaji da ni da gidan nan mai shiru, kin rasa yadda za ki ce kin gaji sai kika jingina wa Allah. Kika ci gaba da ninke tawul.

Duk da haka, da Borghild, shugabar zumuntar mata, ta tambaye ki wa zai rubuta waƙar liyafar ban kwana, kika ce, "Halvard mana. Wa ya fi shi?" Wa ya fi ni kuwa! Akwai bikin aure ko cikar shekara hamsin a ƙauyen nan da ba ni na rubuta waƙarsa ba? Ni ne nake ɗaukar karin da kowa ya sani in ɗora masa sababbin baituka, a buga a takarda, a naɗe kowace kamar bututu a ɗaure da zare, a ɓoye su har lokaci ya yi. Wannan karon har jirgin ruwa na kwali na haɗa da hannuna, na cika cikinsa da naɗaɗɗun takardu, na ɗora shi a tsakiyar babban tebur tsakanin kek da waina. Tsofaffi suna ta taɓa shi suna cewa, "Kai, Halvard ya yi ƙoƙari." Na zaɓi karin waƙar coci, tsohuwa, mai nauyi, wadda ko jariri a ƙauyen nan ya san hawa da saukarta. Na ce wa kaina hakan zai ƙara wa abin armashi.

Ran Asabar da la'asar gidan addu'a ya cika. Kina sanye da rigar nan koriya, kin zauna tsakanin Eilif da Borghild, kina ta miƙewa kina zuba wa mutane kofi a liyafarki, har aka kama hannunki aka zaunar da ke. Jirgi ya zagaya, kowa ya zari takardarsa. Matar fasto ta zauna a piyano. Aka kwance zare.

Ke ma kin san halinmu, Tordis. Ba wanda ke karanta waƙar liyafa kafin a rera ta, rashin ladabi ne, kamar leƙa kyauta kafin a miƙa. Kuma mu mutanen nan ba ma tsayawa a tsakiyar waƙa. Za mu iya shekara goma ba mu gaisa da maƙwabci ba, amma a ba mu takarda a buga kiɗa, sai mun kai ƙarshe ko da hukuncin kisanmu ne a rubuce. Na san haka. Da wannan sanin na yi aiki.

Baiti na farko da na biyu sun wuce lafiya, akwatuna ne da allurar rigakafi da yadda ba za ki samu cuku mai ruwan ƙasa a can ba. Ana rerawa ana murmushi. Sai na uku:

Mutanen can sun zauna lafiya,
ba su san suna jiran mu ba,
sai ga Tordis da farar zuciya,
ta zo da abin da ba su nema ba.

Ƙarya ce, kuma kowa a ɗakin ya san ƙarya ce, domin da kunnensu suka ji Dakta Voahangy tana nema. Muryoyi suka ɗan yi ƙasa. Wani ya yi tari. Amma piyano bai tsaya ba, matar fasto tana kallon yatsunta ba ta ganin kalmomi. Ni kuwa ina tsaye a jikin bango, hannu a aljihu, ina jin daɗin yadda amsa-amon ya zauna. Sai na ƙarshe ya zo, wanda na rantse wa kaina cewa kaina nake wa dariya a cikinsa:

Ta karɓi haihuwar rabin garinmu,
nata ɗakin kuwa shiru yake yi;
jariri ɗaya tak Allah ya ba mu,
mai gemu, shi ma barinsa za ta yi.

Ya Ubangiji! Na ji shi yana fita daga bakin mutane kusan ɗari, a hankali, da karin sujada, layi bayan layi, kowane baki yana gane abin da ya faɗa bayan ya riga ya faɗa. Matan da kika karɓi 'ya'yansu suka rera. 'Ya'yan da kika karɓa, waɗanda yanzu sun yi gemu da gaske, suka rera. Abin da ni da ke ba mu taɓa faɗa da ƙarfi ba ko a ɗakinmu, cikin da ya zube muka binne sau uku muka dawo gida muka sha shayi ba magana, na ɗauke shi na raba wa gari a naɗe da jan zare. Kuma ke, hasken idona, ke kika fi kowa riƙe murya. Kin rera har kalmar ƙarshe, domin kin ga tsofaffin suna neman nutsewa, kika ja su zuwa gaɓa.

Kiɗa ya tsaya. Cokali ma bai yi ƙara ba. Kika miƙe, kamar yadda aka saba, kika juyo wajena kika ce, "Na gode da waƙa, Halvard." Shi ke nan. Da kin jefe ni da jirgin kwalin nan, da na ji sauƙi. Kika ninke takardar gida huɗu kika sa a jaka, kika ɗauki butar kofi kika ci gaba da zagayawa, wannan karon ba wanda ya iya hana ki.

Kin san abin da ke dawo min tun ranar? Mahaifiyata. Shekararta ta ƙarshe, da hankalinta ya gushe, tana kiranki da sunan wata mai aikin da ta tsana tun tana yarinya. Ke kike mata wanka, ke kike yanke mata farce, ke kike durƙusawa kina shafa mata mai a ƙafa tana zaginki. Ni ina ina? Ina ɗakin sama ina gyara jarrabawa, ina jin ƙarar ruwa, ina cewa Allah ya ba ni mace. A lokacin ban ce girman kai ba ne. Ban ɗauko littafi na nuna miki tarihin masu wanke ƙafafun mutane don a yabe su ba. Muddin ruwan yana gangarowa gonata, sunansa ƙauna. Ranar da ya juya zai shayar da gonar wasu, ranar na gano cewa yana da laifi. Wannan shi ne iyakar ilimin malamin adabi, na tattara miki shi a layi biyu, ba sai kin karanta sauran ba.

Ran Litinin na zo gonar. Na san kin ga motata, labulen sama ya motsa. Na sami Eilif a garke, hannu har gwiwa a cikin tunkiya mai naƙuda. Ko ɗagowa bai yi ba ya ce, "A'a, ga babban mawaƙi! Tumaki ka zo yi wa waƙa? Ka bari su haihu tukuna, Malam, kada su firgita." Na ce Tordis nake nema. Ya ce, "Tana nan, amma a wurinka ba ta nan. Riƙe min ƙafar nan tunda ka zo, ka yi amfani ko sau ɗaya." Na durƙusa cikin ciyawa da wandon makaranta na riƙe. Da ɗan ya fito ya yi atishawa, sai yayanki ya goge hannu a cinya, ya nuna min tafinsa ya ce, "Wannan aka ce in ɗora mata ran Lahadi. Warin tunkiya yake, sabulu ya gaji da shi. Ban so ba, ba wurina ba ne. Amma in ta ce ni, ni ne, kuma in ka matso ba ta kira ka ba, da shi zan mayar da kai kujera." Mutumin da bai karanta littafi ɗaya ba tun da ya bar makaranta, ban sami abin gyarawa a maganarsa ba.

Ran Talata kuma Borghild ta zo, da keken da take dafawa ta yi tafiya, ta ƙi zama, ta ƙi kofi. A ƙauyen nan idan tsohuwa ta ƙi kofi, gara a kira ka kotu. Ta ce, "Ɗana, da bakina na rera. Ni da na riƙe hannunta a asibiti karo na uku. Ka sa na soke ta da karin waƙar da aka binne mijina da ita. Yanzu in aka buga ta a coci, me zan ji?" Na buɗe baki, ta ce, "Rufe, ka yi magana ta isa ran Asabar." Sannan ta faɗa min abin da ya ƙarasa ni. Ta ce tun ran Lahadi kina bi gida-gida wurin matan zumunta, domin wasunsu sun kasa barci, suna ganin su ne suka ci miki mutunci. Kina zama kina riƙe hannunsu kina cewa ba su yi komai ba, takarda aka ba su. Ta ce kin ce, "Kada ku riƙe Halvard a zuciya. Tsoro yake ji. Shi in tsoro ya kama shi ba kuka yake yi ba, ba'a yake yi." Ta gyara riƙon kekenta ta ce, "Kada ka yi murna. A gabanmu ta yafe maka. Ko ta yafe maka a ɗakinta, wannan ban sani ba."

Tordis, raɓar safiyata, inuwar da nake fakewa ban taɓa ɗaga kai na gode wa itacen ba! Wace irin mace ce ake soka, ta fita neman waɗanda jininta ya fallatsa wa don ta wanke musu riga? Da wane ido zan kalle ki? Kin faɗi gaskiya, tsoro ne. Ina tsoron gidan nan idan duhun hunturu ya sauka tun da la'asar, ba motsinki a ƙasa. Ina tsoron zazzaɓin da zai kama ki ba na kusa, ko da yake in ina kusa ma ba abin da na iya sai tsayawa a ƙofa. Ina tsoron ki je can ki tarar da mutanen da ke buƙatarki da gaske, ki dawo ki dube ni ki ga buƙatata ba ta wuce ta lalaci ba. Kuma, in za a faɗi ta duka, kishi nake da Wanda ya kira ki. Da namiji ne irina, da na san yadda zan yi da shi, da na yi masa waƙa. Amma yaya mutum zai yi takara da Wanda matarsa ke gani a fuskar kowace mai naƙuda? Na rasa yadda zan kai gare shi, sai na huce a kanki.

Gidan nan ba ke kamar gaɓa ce da ruwa ya janye, sai duwatsu da wari. Rigar ruwanki tana rataye a bayan ƙofa da siffar kafaɗunki a jiki, nakan wuce in kauda kai kamar na ci karo da wanda na yi wa ƙarya. Littafin koyon harshenki yana kan taga inda kika bar shi. Jiya na buɗe, na gwada faɗin gaisuwar nan da nake kwaikwayo daga falo. Harshena ya ƙi juyawa. Ashe abu ne mai wuya kike yi kowace safiya, ni ina dariya.

Na yi ƙoƙarin rubuta wata waƙar, ta gyara, wadda za a rera ran Lahadi. Na zauna yini guda. Duk abin da na sa a takarda sai ya fito da wayo a jikinsa, yana neman a tafa masa. Na yayyaga. Na daina sa kalmomina a bakin mutane, ba na jin zan sake. Ita ma wasiƙar nan na ga tana ado fiye da kima, amma ban iya wata magana ba, da ita na nemi aurenki, da ita na ɓata, ba ni da wata da zan zo roƙo da ita.

Ba zan ce miki ni ma na ji kira ba. Ban ji ba, kuma kin fi ƙarfin a yi miki ƙarya sau biyu a mako ɗaya. Ba zan biyo ki da akwati in zame wa Dakta Voahangy majinyaci na ƙari ba. Amma Borghild, kafin ta fita, ta tambaye ni wa zai riƙa kwasar su a mota ran Talata zuwa zumunta, tunda ke kike yi duk shekarun nan. Ban ma san kina yi ba, na zaci aiki kike tsayawa. Na ce ni. Ta ce, "Za mu gani." Don haka duk Talata, har ki dawo, zan kwashi tsofaffi huɗu da kekunansu da zarensu na saƙa, in zauna a ƙarshen tebur bakina a rufe, su yi miki addu'a ina ji. In kin rubuto musu labarin ɗalibanki, ni zan karanta musu da ƙarfi tunda idanunsu sun gaza, kuma ba zan ƙara ko kalma ɗaya tawa ba. Wannan ba babban abu ba ne, na sani. Shi ne daidai girmana a yanzu.

Ran Lahadi zan zo. Zan zauna a bencin baya, kusa da inda ake rataye riguna, inda kowa zai iya juyowa ya kalle ni son ransa, sun cancanci hakan. Idan fasto ya kira iyali zan miƙe tsaye, amma ba zan taka ba sai kin waiwayo. In kin waiwayo, zan zo in ɗora hannun nan da ya yi ɓarnar, ba komai a cikinsa, in aika ki da zuciya ɗaya. In ba ki waiwayo ba, zan tsaya a wurin har a gama addu'a, in ce amin tare da jama'a, kuma da gaske zan faɗa. Ko ta yaya ta kasance, ki tafi, Tordis. Akwai 'yan mata can da ke jiranki, akwai matan da ba a ma yi cikin 'ya'yansu ba tukuna amma za su rayu saboda abin da hannunki zai koya wa wasu hannuwa. Kada ki bar wautar tsohon malami ta rage miki ko taku ɗaya.

Naki nake, a wannan gaɓar teku ko da kina waccan, a hasken Yuni da duhun Disamba, kin waiwayo ko ba ki waiwayo ba, har ranar da za a kwantar da ni a bayan cocin nan inda iska ba ta hutawa,

Halvard

Na ce miki gudu ne, ba kira ba. Kira ne, Tordis. Ni ne na yi kuskure.